Darasi na 14: Daga Gida Zuwa Babban Asibiti

Wane ne a cikinku bai taɓa zuwa asibiti ba? Babu. Wani ciwo ya kai shi, wani rakiyar ƙane, wani kuma abinci aka aike shi ya kai. To, da kuka shiga, wa kuka fara gani? Za ku ce likita. A garinmu duk wanda ya sa farar riga a asibiti likita muke ce masa. Amma yawancin waɗanda muke gani malaman jinya ne. Da Faransanci namiji shi ne infirmier, mace kuma infirmière. Babbansu a ƙaramin asibiti shi ne wanda iyayenku ke kira Manjo. A wannan darasi za mu ga yadda aka tsara asibitocin ƙasarmu Benin, da irin aikin da waɗannan mutane suke yi dare da rana.

Garinmu

Malanbil tana bakin kogin Isa, wanda wasu ke ce wa Kwara, a jihar Alibori. Gaya ta ƙasar Nijar tana tsallaken kogi, gada ce tsakaninmu. Ƙaramar hukumar Malanbil tana da gunduma biyar: Malanbil, Gene, Garu, Madekali da Tumbutu. Kada ku haɗa wannan Tumbutu da ta ƙasar Mali. A ƙidayar shekarar 2013 an samu mutum fiye da 168,000 a ƙaramar hukumar. Akwai Dandawa, da Fulani, da Hausawa, da Zabarmawa, da wasunsu. Ga manoman shinkafa da albasa, ga masunta, ga makiyaya, ga 'yan kasuwa masu zuwa daga nesa don cin babbar kasuwarmu.

Duk waɗannan mutane suna rashin lafiya. Mata suna haihuwa, yara suna zawo, masu babur suna faɗuwa, maciji yana sarar manomi a gona. Likitoci kuwa kaɗan ne. In an ce kowa sai ya ga likita, wani zai yi kwanaki a layi, wani ma ba zai kai ba. Shi ya sa aka tsara asibitoci hawa-hawa, kamar matakala.

Matakalar

Hawan farko yana cikin unguwa da ƙauye. Nan ake samun wakilin lafiya, wanda ake kira relais communautaire. Ɗan gari ne, kowa ya san shi, ya san kowa. An koya masa alamun ciwo. Yana bin gida-gida, yana duba yara da masu ciki, yana tuna wa iyaye ranar allura. In ya ga abin da bai gamshe shi ba sai ya ce a tafi asibiti maza.

Hawa na biyu shi ne ƙaramin asibiti, centre de santé. Yakan kasu biyu: ɗakin duba marasa lafiya, da ɗakin haihuwa. Akwai kuma ɗan ɗakin sayar da magani. A ƙauyuka malamin jinya ne ke riƙe da shi, tare da ungozomar asibiti, wato sage-femme, da mataimakansu. Yawancin ciwuka a nan suke ƙarewa.

Hawa na uku shi ne asibitin yanki, hôpital de zone. An raba ƙasar Benin zuwa yankunan lafiya 34. Namu ya haɗa ƙananan hukumomi biyu, Malanbil da Karimama, asibitin yankin kuma yana nan Malanbil. A can akwai likitoci, da ɗakin fiɗa, da ɗakin awon jini, da gadajen kwantar da marasa lafiya. Jihar Alibori tana da wasu yankuna biyu: na Banikwara, da na Kandi da Gogunu da Segbana.

In ciwo ya gagara a nan sai a wuce da mutum babban asibitin Faraku, tafiyar fiye da kilomita 300. Can sama kuma akwai babban asibitin ƙasa a Kwatano, fiye da kilomita 700 daga nan. An sa masa sunan Hubert Maga, shugaban ƙasarmu na farko bayan samun 'yancin kai a 1960, wanda aka haifa a Faraku. Ma'aikatar Lafiya, mai kula da wannan matakala duka, ita ma tana Kwatano.

A ce ƙanenka ne

Bari mu hau matakalar tare. A ce watan Agusta ne, ruwa ya kwanta a fadamun shinkafa, sauro ya yi yawa. Ƙanenka mai shekara uku ya kwana jikinsa da zafi. Da safe ya ƙi shan koko. Inna ta goya shi, kai kuma ka riƙe mata katin asibitinsa, wanda muke ce wa karne, kuka nufi ƙaramin asibiti.

Malamar jinya ta tarbe ku.

"Sannu, Inna. Yaushe jikin ya fara?"

"Tun jiya da la'asar, Malama."

"Ya yi amai? Yana shan ruwa? Kin ba shi wani magani a gida?"

"Ya yi amai sau ɗaya. Ban ba shi komai ba sai jiƙo."

Ku lura, ba ta ɗauko allura ba tukuna. Tambaya ta fara yi, domin rabin aikinta tambaya ne da kallo. Sannan ta sa ma'aunin zafi a hammatar yaron. Zafin jikin mai lafiya digiri 37 ne. Na ƙanenka ya kai 39. Ta ɗora shi a kan sikeli, don yawan maganin yaro yana bin nauyinsa. Ta buɗe tafin hannunsa, ta ja fatar idonsa ƙasa, ta ga ko da jini. Ta ɗaga rigarsa, ta kalli agogo, ta ƙirga numfashinsa har minti ɗaya. Yaron da ke tsakanin shekara ɗaya da biyar, in ya yi numfashi sau 40 ko fiye a minti ɗaya, to akwai damuwa a huhunsa. Sannan ta ɗan soki yatsarsa, ta ɗiga jini a kan wani ɗan farin abu mai kama da madogaran alli. Bayan kamar minti goma sha biyar layi biyu suka fito. Masassarar cizon sauro ce.

Me ya sa ta yi wannan awo, alhali kowa ya san damina ce? Domin ba kowane zafin jiki ne na sauro ba. Ciwon kunne yana kawo zafi, ciwon huhu yana kawowa, sanƙarau ma haka. In an ba yaro maganin ciwon da ba shi ne ke damunsa ba, ciwon gaskiya yana nan yana cinsa.

Tun da yaron yana iya sha, yana kuma gane mutane, sai ta rubuta masa ƙwayoyi na kwana uku. Ta nuna wa Inna yadda za ta ba shi, ta sa ta maimaita. Ta ce:

"Ko ya tashi yana wasa gobe, kada ki daina sai sun ƙare. In kuwa kin ga ya ƙi sha, ko yana ta amai, ko ya sandare, ki dawo ko da tsakar dare ne."

Yawancin yara iyakarsu ke nan, kwana uku sun warke. Amma a ce Inna ba ta zo ranar ba. A ce an jira kwana huɗu ana jiƙo, ana cewa gobe zai ji sauƙi. Ƙwayoyin cutar da sauro ya zuba suna shiga cikin jini, suna fasa jajayen ƙwayoyinsa. Kullum jinin yaro yana raguwa. Ran nan da dare sai ya sandare, idanunsa suka juye. Wasu za su ce tsuntsu ne ya wuce ta kansa, wasu su ce iska. Zazzaɓin ne ya taɓa ƙwaƙwalwa.

Aka ƙwanƙwasa ƙofar Manjo da ƙarfe biyun dare. Ya haska fitila, ya buɗe tafin hannun yaron, ya gan shi fari fat. Nan take ya san wannan ya fi ƙarfin ƙaramin asibiti, don yaron jini yake bukata, shi kuwa ba shi da wurin ajiye jini. Bai ɓata lokaci ba. Ya yi masa allurar farko, ya ba shi abin da zai kwantar da sandarewar, ya rubuta takarda. A cikinta ya faɗi sunan yaron, da nauyinsa, da abin da ya gani, da maganin da ya ba shi, da ƙarfe nawa. Ya buga waya asibitin yanki ya ce ga yaro nan tafe. Wannan takarda ita ce fiche de référence. Saboda ita likitan da zai karɓi yaron ba zai fara daga farko ba.

A ganina, babban ilimin malamin jinya shi ne sanin inda ƙarfinsa ya tsaya. Wani uba yakan ji haushi in an ce ya wuce gaba, ya ce ai Manjo ya kasa. Bai kasa ba. Da ya riƙe yaron har safiya don kada a ce ya kasa, wannan ne zai zama laifi.

A asibitin yanki likita ya duba yaron, aka auna jininsa, aka ƙara masa. Likita ya wuce wurin wasu marasa lafiya, don suna da yawa. Wa zai zauna da ƙanenka? Malaman jinya. Su ne za su lura da ledar jini tana ɗiga, su yi allura a kan lokacinta, su auna zafin jiki, su rubuta. In numfashin yaro ya sake da asuba, su ne za su fara gani, su kira likita. Suna karɓeɓeniya, wasu da rana, wasu da dare, har ranar Salla. Da aka sallame ku sai aka ba ku wata takarda ku mayar wa Manjo, don ya san abin da aka yi, ya ci gaba da lura da yaron.

Haka hanyar take ga mai naƙuda. Ungozomar ƙaramin asibiti tana karɓar haihuwa. In haihuwar ta zo da gardama sai ta tura matar asibitin yanki a yi mata aiki a ciro jariri. A shekarar 2009 gwamnatin Benin ta ɗauki nauyin kuɗin wannan aiki, domin a da mata suna rasa ransu yayin da miji ke yawon neman rance.

Ranar awo da allura

Hausawa sun ce rigakafi ya fi magani. Babban rabo na aikin malaman jinya da lafiyayyun yara suke yinsa. Ranar awo za ku ga mata jere a kan benci, kowace da jariri da karne. Ana rataya jariri a sikeli, a rubuta nauyinsa. Ana ɗaura wa yara wani ɗan awo mai launi uku a damtse. Kore lafiya lau, rawaya a kula, ja kuwa tamowa ce mai tsanani. Yaron da damtsensa bai kai santimita 11 da rabi ba yana cikin ja, dole a fara yi masa magani ranar.

Sai allura. Da haihuwa ana yi wa jariri ta tarin fuka, wadda ke barin ɗan tabo a hannu, ku duba naku za ku gani. Ana kuma ɗiga masa maganin shan inna a baki. Ana dawowa yana da mako 6, da mako 10, da mako 14. In ya kai wata 9 a yi masa ta ƙyanda da ta shawara. Ranar 25 ga Afrilu 2024 ƙasarmu ta ƙara wata sabuwa, ta masassarar cizon sauro, wadda ake yi sau huɗu. Tana rage ciwon da tsananinsa, amma ba ta ɗauke wa kowa kwana cikin gidan sauro ba.

Akwai wani aiki da ba ku gani. Ruwan allurar rigakafi ba ya son zafi. Dole a ajiye shi cikin sanyi tsakanin digiri 2 da 8, tun daga Kwatano har hannun jariri. Kun san zafin Malanbil a watan Afrilu. Saboda haka safe da yamma malamin jinya yana buɗe littafi, ya duba sanyin firiji, ya rubuta. In sanyi ya lalace, allurar ta zama ruwa kawai, ko an yi ta ba ta kare kowa.

Ku tambayi kakanninku labarin agana, mai kashe mutane, mai bar wa waɗanda suka tsira zane a fuska. A 1980 aka ba da sanarwar ta ƙare a duniya. Ku tambaye su kurkunu, mai hana manomi zuwa gona da damina. A 2009 aka tabbatar babu shi a Benin. A 1996 sanƙarau ya ratsa ƙasashen Sahel, ya kashe dubban mutane a Nijeriya da Nijar da maƙwabtansu. A 2012 aka yi wa yara da matasan arewacin Benin wata sabuwar allurar sanƙarau. A 2020 aka ce ƙwayar shan inna ta daji ta ƙare a Afirka, ko da yake har yanzu ana bi gida-gida ana ɗiga magani don kada ciwon ya sami ƙofa. Agana da sanƙarau da shan inna da allura ko ɗigo aka yaƙe su, kurkunu kuwa da tace ruwan sha. Duka da ƙafar ma'aikatan lafiya aka yi, ƙauye bayan ƙauye.

Damina

Da damina aiki yake ninkuwa. A 2019 aka fara wani shiri a yankinmu na Malanbil da Karimama, yana cikin yankuna biyu na farko a ƙasar. Kowane wata, a tsakiyar damina, ana bin gidaje ana ba yara masu wata 3 zuwa ƙasa da shekara 5 maganin da zai kare su daga masassara tun ba ta kama su ba. Kwana uku ake sha.  In kuna da ƙanne, ku tuna wa Inna. Maganin yana da ɗan ɗaci, yara ba sa so, amma ɗacin kwana uku bai kai kwanciya asibiti ba.

In kogi ya cika yakan shiga gonaki da gidaje, kamar yadda ya yi a 2010. Hanyoyi sukan yanke, musamman wajen Karimama. Ruwan rijiya ya gauraya da ƙazanta, zawo ya yawaita. A irin wannan lokaci malamin jinya yakan sa allurai cikin akwatin sanyi, ya ɗaure a bayan babur. Inda babur ya tsaya ya shiga jirgin ruwa. Yana koya wa mata haɗa ruwan gishiri da sukari: ƙunshi ɗaya cikin lita ɗaya ta ruwa mai tsabta, a riƙa ba yaro kaɗan-kaɗan. Yana kuma ƙirga masu zawo. In ya ga manya suna zawo kamar ruwan shinkafa, ba ya jiran ƙarshen wata, ranar zai sanar da shugaban yanki, don wataƙila kwalara ce. Garin kan iyaka irin namu yana bukatar wannan sa ido fiye da sauran garuruwa. Ciwo ba ya nuna takarda a bakin gada.

Kuɗi da magani

A 1987 ministocin lafiya na Afirka suka taru a Bamako ta ƙasar Mali. A lokacin ƙananan asibitoci da yawa babu magani a cikinsu. Suka shirya cewa a kawo magunguna masu sauƙin kuɗi, marasa lafiya su biya kaɗan, a juya kuɗin a sayo wasu, mutanen gari kuma su sa ido. Benin tana cikin ƙasashen da suka fara bin wannan tsari. Shi ya sa ƙaramin asibiti yake da kwamitin 'yan gari masu duba kuɗin da ya shiga da wanda ya fita. Tsarin ya sa an samu magani, amma gaskiya ita ce wanda ba shi da ko dala yakan ji nauyin zuwa. Wannan na cikin dalilan da suka sa a 2011 gwamnati ta yafe kuɗin maganin masassara ga masu ciki da yara 'yan ƙasa da shekara 5.

Rashin kuɗi da nisa su ke kai mutane wurin mai tallan magani a tire. Ƙwayoyinsa suna yini a rana. Wasu kwanansu ya ƙare, wasu ma jabu ne. Shi kuwa bai auna kowa ba, launi kawai ya sani: ja na ƙarfi, fari na ciwon kai. A 2017 hukuma ta kwashe magunguna masu ɗimbin yawa daga kasuwar Ajegunle da ke Kwatano saboda wannan. In an aike ku sayen magani, ku tambaya ko akwai takardar asibiti.

Yadda ake zama malamin jinya

Sai an gama firamare, an yi sakandare, an ci jarrabawar bak. Sannan a yi karatun shekara uku. Akwai makarantar INMeS a Kwatano, akwai kuma IFSIO a jami'ar Faraku. Maza da mata duka suna shiga. Ana bukatar lissafi, don kuskuren awon magani yana iya kashe yaro. Ana bukatar Faransanci, don da shi ake rubuta takardu. Harshenku ma yana da amfani ƙwarai. Malamar da ta iya Dandanci da Hausa da Fulatanci tana jin abin da uwa ke faɗi ba tare da tafinta ba, kuma akwai abin da mace ba za ta faɗa a gaban tafinta ba. Ana bukatar riƙon amana, domin abin da maras lafiya ya faɗa a ɗakin duba ba na kai wa kasuwa ba ne.

Ranar 12 ga Mayu ta kowace shekara ita ce ranar malaman jinya ta duniya. An zaɓe ta ne don a ranar aka haifi Florence Nightingale a 1820, wata 'yar Ingila da ta yi jinyar sojoji a yaƙin Kirimiya, ta nace wa tsabta a asibiti, ta kuma buɗe makarantar koyon jinya a Landan a 1860.

Kalmomi

malamin jinya: l'infirmier
ungozomar asibiti: la sage-femme
ƙaramin asibiti: le centre de santé
asibitin yanki: l'hôpital de zone
allurar rigakafi: le vaccin
masassarar cizon sauro: le paludisme
tamowa: la malnutrition
gidan sauro: la moustiquaire

Tambayoyi

1. Waɗanne ƙananan hukumomi ne suka haɗu a yankin lafiyarmu?
2. Me ya sa malamar jinya ta auna jinin yaron kafin ta ba shi magani?
3. Me Manjo ya gani a tafin hannun yaron? Me ya yi bayan haka?
4. Me ake rubutawa a takardar da ake ba maras lafiya in za a tura shi gaba?
5. Daga 1980 zuwa 2009 shekara nawa ne?

Aikin gida

Ku roƙi Inna ta nuna muku karnen ƙanenku ko ƙanwarku. Ku kwafe sunayen alluran da aka yi, da ranakunsu, a littafinku. In akwai gurbin da ba a cike ba, ku nuna wa Baba, gobe kuma ku gaya wa Malam.